Garin Gyaran Gira

 

Ni mutuniyar Madarunfa ce. Nan aka haife ni, nan aka yi mini aure. Gidanmu ba shi da nisa da tafki. Maigidana manomi ne, da rani kuma yana taɓa su. Shekaruna sun haura 40, ƴaƴana 6. Ban yi lakwal ba ina yarinya. Sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, kamar yadda kuka shiga. In kun ga gargada cikin rubutuna, ku yi mini haƙuri.

In Allah ya haɗa mu a kasuwa, abin da za ki fara gani gare ni shi ne tabo biyu, ɗaya a kowane kunci, can sama kusa da ido. Baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, kamar an ɗiga baba. Ba da shi aka haife ni ba. Da kuɗina na saye shi. Na daɗe ina ɓoye labarinsa don kunya. Yau zan faɗa miki, ke ƴar'uwata. Kai ma ɗan'uwana, kada ka juya takarda, akwai rabonka a ciki.

Yadda abin ya fara

Ina da cikin ɗana na 3, wata safiya na ɗauki madubi zan sa kwalli. Sai na ga duhu ya sauka a kumatuna, da goshi, da bisa leɓe. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Na wanke da sabulu, bai fita ba. Na dirje da soso har fuska ta yi zafi, sai ma ya ƙaru.

Kowa da abin da ya ce. Wata ta ce jinin yaron ne ya fi ƙarfina. Wata ta ce namiji zan haifa. Wata ta matso kusa da kunnena ta ce hannu aka sa mini. Tsohuwar ungozomar unguwarmu ita ce ta faɗi gaskiya. Ta ce: "Ɗiyata, wannan na ciki ne. Ki bar shi. In kin sauka lafiya zai tafi da kansa."

Na haihu, aka yi suna, aka gama wankan jego. Duhun ya ragu ƙwarai, kamar yadda ta faɗa. Amma da damina ta faɗi, muka shiga gona tun safe har azahar, sai ya dawo. Da sanyi ya yi sauƙi, da bazara ya ƙaru. Haka muka yi ta yi da shi shekara 2.

Ana nan sai maigida ya ce mini zai ƙara aure. Na yi masa fatan alheri da baki. Da aka kawo amarya, na ga yarinya ce fara, fuskarta sumul. Daren nan ban yi barci ba. Tsakani da Allah, maigida bai taɓa yi mini maganar fuskata ba. Ni ce na faɗa wa kaina cewa tabon nan ne ya sa.

Kwalbar dillaliya

Akwai wata dillaliya da ke shiga gida-gida da kayan mata, tana saro su daga kasuwannin bakin iyaka. Ta dube ni ta ce: "Uwargida, kina da kyau, wannan duhun ne kawai ya rufe ki. Ina da maganinsa." Ta fito da wata ƴar kwalba wadda ba suna a jikinta. Ta ce haɗi ne na musamman, mai iri 3 ta gauraya. Jikka 2 ta ce. Na kwance bakin zane na ba ta.

Ba zan yi miki ƙarya ba, man ya yi aiki da sauri. Cikin sati 2 fuskata ta washe. A gidan buki mata suka riƙa cewa: "Kai, wance, hutu ya karɓe ki!" Raina ya yi fari. Na ce tun da fuska ta yi, bari in haɗa da wuya da hannuwa. Daga kwalba 1 a wata na koma 2.

Cikin shekara ta biyu abubuwa suka fara sakewa. Fuska fari, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, ƙafa kuma wani launi dabam. In na tsaya bakin murhu, fuskata ta riƙa zafi kamar an shafa tonka. Jijiyoyi suka bayyana a kumatu. Nankarwa masu faɗi suka tsage mini damatsa, irin waɗanda ko ciki bai yi mini ba. Ƙaya ta karce ni a ƙafa, miki ya yi wata 2 bai rufe ba.

Na ji tsoro, na bar shafawa. Kwana 4 kawai, fuska ta kumbura, ƙuraje suka feso, ƙaiƙayi ya hana ni barci. Na koma wurin dillaliya. Ta ce: "Ai ba a barinsa. Ga wani mai ƙarfi." Na sayar da akuyata na saya. Cikin shekara ta uku wannan tabo mai shuɗi ya fito, daidai wurin da na fi shafawa. Ya fi na farko duhu nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce garin gyaran gira a kan rasa ido. Ni ce wannan.

Ranar da na je likita

Ba don fuskar na je ba. Ciwon kai ne ya dame ni. Wata likita, mace mai natsuwa, ta ɗaura mini abin awo a hannu. Da ta naɗe hannun rigata ta ga nankarwa, sai ta dubi fuskata, ta dubi yatsuna. Ta ce: "Yaya, shekara nawa kina shafa mai?" Na ce ni man kaɗanya kawai nake shafawa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce: "Jininki ya hau. Ina so in taimake ki, amma sai kin faɗa mini gaskiya." Sai hawaye suka zubo mini. Na faɗa mata kome.

Ta ja kujera ta zauna. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin marina. Na ce na gani. Ta ce to, cikin fatar kowane ɗan Adam akwai waɗansu ƴan mitsi-mitsin ma'aikata da ido ba ya gani. Aikinsu rini. Baban da suke rini da shi, likitoci na ce masa melanin. Bature yana da su, baƙar fata yana da su, kuma yawansu kusan ɗaya ne. Namu ne dai suka fi ƙwazon rini. Wannan rinin rumfa ce da ke tare zafin rana, don kada ya lalata fata. Shi ya sa ƴan'uwanmu zabiya, waɗanda jikinsu ba ya yin rinin, suke shan wuya da rana, har ta kan sa musu ciwon daji na fata.

Ta ce duk abin da ya tsokani marinan nan, sai su ƙara baba a wurin. Tabon duhu ke nan. Saboda haka kafin a nemi maganin tabo, sai a nemi abin da ya tsokane su.

Abubuwan da ke kawo tabo

Na koma wurinta sau da yawa. Ga abin da na koya, na tsara miki ɗaya bayan ɗaya.

Na 1, rana. Ita ce uwar tafiya. Ko wane irin tabo ne, rana tana ƙara masa duhu. Ta fi ƙarfi daga hantsi zuwa la'asar, wato daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 4.

Na 2, ciki. Jinin mai ciki yana sakewa, sai duhu ya sauka a kumatu, da goshi, da bisa leɓe, dama da hagu daidai wa daida. Sunansa a likita melasma. Shi ne irin nawa na farko. Ba sammu ba ne, ba ya cutar da uwa ko ɗa. Ga mata da yawa yana dushewa ƴan watanni bayan haihuwa. Ƙwayoyin tazarar haihuwa ma suna iya kawo shi ga waɗansu mata. In haka ta same ki, kada ki bar sha da kanki. Ki faɗa wa ungozomar likita, akwai wata hanyar da za ta zaɓa miki.

Na 3, ciwon da ya warke. Ƙurajen fuska, ƙazuwa, ƙarambau, cizon sauro da aka sosa, ƙuna, duk suna barin tabo a baƙar fata. Matse ƙurji da farce yana ninka tabon. Dirza da dutse ko soso mai kaushi ma haka. Har yawan jin wuta lokacin ɗari, in mutum yana manne wa kaskon garwashi kullum, yana barin zane-zanen duhu a ƙwauri.

Na 4, waɗansu magunguna. Akwai wanda in ya sha ƙwaya irin Bactrim, sai tabo kewayayye kamar ƴar dala ashirin ya fito masa a leɓe, ko a hannu, ko a al'aura. Ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, daga baya ya yi baƙi. Duk ranar da ya sake shan ƙwayar, sai ya dawo a wuri guda. Maganin yana da kyau ga wasu, jikin wannan ne ba ya karɓarsa. Mai irin wannan tabo ya riƙe sunan ƙwayar, ya faɗa wa kowane likita, kuma ya bar sayen magani wurin ƴan talla.

Na 5, ƙarancin abinci mai gina jiki. In mutum ya daɗe yana cin masara ko dawa tsura, ba wake, ba gujiya, ba kifi, ba nama, fatarsa ta kan yi baƙi ta yi kaushi a inda rana ke bugu: bayan hannu, bayan ƙafa, da kewayen wuya kamar sarƙa. Zawo ya biyo, daga baya hankali ya fara rikicewa. Sunan ciwon pelagira. A likita ana maganinsa da ƙwayar bitamin. Rigakafinsa kuwa yana cikin rumbunmu da tafkinmu: wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, kifi.

Na 6, duhun wuya da hamata, mai kauri da laushi kamar karan-miski. Mutane na cewa dauɗa ce. Ba ya fita da wanka. Ya fi samun masu ƙiba, kuma sau da yawa gargaɗi ne cewa ciwon sukari na tafe. A je a auna jini.

Akwai kuma tabon da ya fi sauran jiki haske. In ƙanana ne a ƙirji da baya, masu ɗan gari-gari in an karce, yawanci ƙyasfi ne, maganinsa ba wuya. In fari ne fat kamar nono, albaras ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Amma in tabon ya yi haske ko ja-ja, kuma in an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji, to, kada a kwana biyu. Yana iya zama farkon kuturta. Ƙwayar cuta ke kawo ta, kuma tana warkewa sarai da magani na wata 6 ko wata 12, kyauta. Ga asibitin Danja nan kusa da mu, kan hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Issa, tun 1956 suke wannan aiki. In an kama ta da wuri, ba ta taɓa yatsa ko ɗaya. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin yana sa fata ta ƙara duhu, amma duhun yana tafiya sannu a hankali bayan an gama sha.

Kin gani, ƴar'uwa? Tabo iri-iri ne. Yaya za a yi kwalba guda ta dillaliya ta yi maganinsu duka?

Abin da ke cikin kwalba

Likitar ta ce abu 3 aka fi zubawa cikin man sa fari. Ta rubuta mini sunayensu a takarda, yadda ake buga su a jikin kwali. A lokacin ban iya karatu ba. Na ninke takardar na sa cikin kwalla.

Na farko, Hydroquinone. Wannan yana hana marinan fata aiki. Magani ne na gaske, likitan fata yana ba da shi kaɗan, a kan tabo kawai, na ƴan watanni, sannan a tsaya. In aka daɗe ana shafa shi, ana shiga rana, sai ya juya ya rina fata da baƙi mai shuɗi, can ciki inda sabulu ba ya kai wa. Likitocin Afirka ta Kudu sun bayyana wannan tun 1975, bayan sun gan shi a fuskokin mata baƙar fata masu shafa man. Shi ne a kumatuna. Da wuya ya fita.

Na biyu, Clobetasol, da ɗan'uwansa Betamethasone. Waɗannan maganin kumburi da ƙaiƙayin fata ne masu ƙarfi ƙwarai. Ana ba da su na ƴan kwanaki. In aka mai da su man shafawa na kullum, fata ta kan yi siriri kamar takardar siminti da ta jiƙe. Daga nan nankarwa, da ƙuraje, da makero, da mikin da ba ya rufewa. Suna ratsa fata su shiga jini, su kawo hawan jini da ciwon sukari. In haihuwa ta zo da gardama aka yi wa mace aiki, ɗinki ya kan yi wuyar kamawa. Su ne kuma ke sa in an bari fuska ta yi bore, mace ta koma ta saya dole.

Na uku, Mercure, wato zaiba. Guba ce. Tana lalata ƙoda, tana taɓa jijiya da ƙwaƙwalwa, tana sa rawar hannu da mantuwa. Tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki, tana bin nono zuwa ga jinjiri. A wani gari na ƙasar Japan mai suna Minamata, a 1956, aka gano mutane suna shanyewa suna mutuwa saboda cin kifin ruwan da wata masana'anta ta zuba wa zaiba. Da sunan garin nan ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a 2013 don rage wannan guba. A 2023 suka yanke cewa bayan 2025 kada a ƙara yin kayan shafa masu zaiba.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cewa a Najeriya mata 77 cikin 100 suna amfani da man sa fari, a Mali kuwa 25 cikin 100. Afirka ta Kudu ta hana sayar da irin waɗannan mayuka a 1990, Kwaddibuwa a 2015, Ruwanda a 2018. A 2023 hukumar NAFDAC, mai kula da abinci da magunguna a Najeriya, ta yi shela cewa abin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa. Mu da ke zaune bakin iyaka, abin da ya shiga kasuwarsu yau, gobe yana cikin ɗakinmu.

Yadda aka yi mini magani

Na ce wa likita in na koma gida zan zubar da kwalbar cikin salga. Ta ce wannan haɗin da ba a san cikinsa ba, lalle in rabu da shi. Amma fatar da ta shekara 3 tana shan mai ƙarfi, ba a yi mata yaye irin na yaro, rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Sai sannu-sannu. Ta rubuta mini wani mai sauƙi, ta tsara mini yadda zan riƙa ragewa sati-sati har in bari. Ta ba ni maganin ƙuraje da na hawan jini. Ke ma in kin daɗe kina shafawa, kada ki yi yayen ke kaɗai. Je ki likita, ki tafi da kwalbar a hannu.

Watanni 3 na farko sun yi mini wuya. Fuskata ta yi duhu fiye da da, ta yi dabbare-dabbare. Na bar zuwa buki. Wata rana kishiyata, wadda saboda ita na shiga wannan hali, ta shigo ɗakina da ƙwaryar man kaɗanya. Ta ce: "Yaya, innata ta aiko mini, na ce ke kika fi bukata." Tun daga ranar ita ke karɓar mini girkin rana, don kada zafin murhu ya dame ni. Na ji kunyar abin da na riƙe a zuciyata.

Ga abin da na bi, wanda ke ma za ki iya bi.

Ki tare rana. In za ki gona ko garka, ki ɗora malfa mai faɗi bisa kallabi. Da farko an yi mini dariya, an ce na zama Bafillatanin daji. Yanzu mu 5 ne masu malfa a gonakin gefenmu. Aikin da za a iya yi da sassafe ko da marece, kada a bar shi sai tsakar rana. A farmasi akwai man kariya daga rana, mai lamba 30 ko 50 a jikinsa. Yana da amfani ƙwarai, sai dai tsada. In da hali ki saya, in babu, malfa da inuwa ba su da tsada.

Ki yi maganin tushen. In ƙuraje ne ko ƙazuwa, a kashe su tukuna, in ba haka ba tabo na tafiya wani na zuwa. Ki yanke farce, naki da na yara. Ku kwana cikin gidan sauro.

Ki tausaya wa fatarki. Ruwa, da sabulu marar ƙarfi, da tafin hannu sun isa. Man kaɗanya ba ya sa fari, amma yana sa laushi, yana hana tsagewa. Kada ki shafa lemun tsami, ko kanwa, ko toka, ko man goge haƙori. Ruwan lemun tsami in ya haɗu da rana ƙona fata yake yi, ya bar tabon da ya fi na da.

Ki nemi maganin likita in tabon ya ƙi tafiya. Akwai mayuka na gaskiya da ake rubutawa. Amma waɗansunsu ba su dace da mai ciki ko mai shayarwa ba, saboda haka ki faɗi halin da kike ciki. Tabon da ke girma da sauri, ko yana jini, ko ya zama miki, musamman a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Ki yi haƙuri. Fata tana sake sabuwa wajen kowane wata guda, kuma tabo ba ya fita a zubi ɗaya. Na sama-sama ya kan ɗauki wata 6 zuwa shekara. Mai zurfi ya kan fi haka. Duk man da ya yi miki alkawarin fari cikin sati, ki san akwai abin da ya ɓoye.

Ni sai da na shekara ɗaya da rabi kafin launina ya dawo ɗaya. Jinina ya sauka. Nankarwa sun dushe amma suna nan. Tabon kumatu kuwa, ga shi har yau.

Ranar da na buɗe kwalla

Bayan wannan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da na fara haɗa baƙaƙe, sai na tuna da takardar likita. Na ciro ta daga kwalla. Na je wurin maƙwabciyata, na ce ta ara mini kwalin man da take shafawa. Rubutun ba da Hausa yake ba, amma baƙi ai baƙi ne. Na bi su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya: C, l, o, b, e. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, sunan da ke cikin takardata. Jikina ya yi sanyi. Ashe gargaɗin yana rubuce, idon karantawa ne ba mu da shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ke da kika iya karatu yanzu, ki kwafe sunayen nan a littafinki. Ki duba kowane kwali da kowane sabulu kafin ki biya. Amma ki sani, akwai masu zuba gubar ba su rubuta ba. Wanda kuwa aka haɗa a gida, ba suna ba kwali, kada ki ko karɓe shi.

Bara aka sa ranar auren ɗiyata ta fari. Kun san al'ada, ba na faɗin sunanta, ba ma doguwar hira. Baƙa ce kamar ubanta, fatarta na sheƙi. Ina shara sai na tsinci ƴar kwalba ƙarƙashin katifarta. Ƙawayenta ne suka kawo mata, wai gyaran amarya. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Kunya ta ce in aika wa gwaggonta ta yi mata magana. Zuciyata ta ce gani ya kori ji.

Da dare na kira ta ɗaki, na rufe ƙofa, na ɗaga fitila. Na tuɓe mayafi na nuna mata damatsana. Na kama yatsanta na ɗora bisa kuncina. Na ce: "Ke, kin san inda na samo wannan?" Ta ce: "Inna, na ɗauka da shi aka haife ki." Na ba ta labari tun daga farko, kamar yadda na ba ki. Ta yi shiru. Da safe na ga kwalbar a bakin ƙofata, ba a ko buɗe ta ba. Aka yi mata lalle da dilka, aka kai ta ɗakinta da launin da Allah ya ba ta.

Kai ɗan'uwana

Na ce akwai rabonka. Yawancin matan da ke shafa man nan, don ku suke yi. In kana zaune kana yabon farar mace gaban matarka, ka sani ka aika ta wurin dillaliya. In ka ga duhu ya sauka a fuskarta tana da ciki, ɗanka ne take ɗauke da shi. Ka saya mata malfa, ka rage mata aikin rana, ka kai ta awo. In ka ga ta fara fari ba dalili, kada ka yi mata gori. Ka raka ta likita. Na ji ma yanzu har samari sun fara shafawa. Fatar namiji da ta mace duk ɗaya ce wurin wannan guba.

Da na gaya wa maigida dukan abin da ya faru, ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce: "Da kin tambaye ni, da akuyarki na nan." Muka yi dariya, amma ni dariyata da hawaye ta fito.

Ƴan'uwa, in kun je aji gobe, ku karanta wa waɗanda ba su kai ga haɗa baƙi ba tukuna. In kuma wata tana shakka, ta zo Madarunfa ta tambayi mai malfa da tabo biyu. Zan nuna mata da idonta.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wassalam.